Mun Je Yamai Awon Ɓarna

Mun tashi daga Maraɗi liman na sallame sallar asuba, mu uku a tsohuwar motar ma'aikatar kiwo: ni, da direba, da injiniyan da aka aiko daga Yamai ya shugabanci aikin. Bayan motar cike yake da kayan awo har ba a ganin hanya ta madubi. Akwai ma'aunin ratayewa, da doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli, da buhuna, da wani ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake jefawa a ƙasa a yanke duk ciyawar da ta faɗo cikinsa a auna. Direba ya ɗaga ƙarfen ya leƙa ta cikinsa, ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa ganin tagar da aka yi wa takardar tafiya ba sai ranar.

Abin da ya kai mu shi ne wannan. Damina ta ƙi mu sau biyu a jere, kullum rediyo na cewa hamada tana gangarowa, wasu kuma na cewa kofaton shanu ne ke share mata hanya. Sojojin da ke riƙe da ƙasa suka ce ba a yi musu gardamar fatar baki, a je a auna: saniya guda me take ci, ruwa nawa take sha, me take bar wa ƙasa, tun tana kiwo har ta zama nama a faranti. Ni malamin dabbobi ne, na fi shekara goma ina yi wa shanu allura. An ɗauke ni ne in zama hannu in zama baki, domin injiniya Bazabarme ne da ya yi karatu a waje. Faransanci a bakinsa ba a magana, amma Hausarsa ta cinikin goro ce, daga "nawa" sai "rage mini".

Ba don a san na je birni nake ba da labarin nan ba. Akwai wani tsoho mai suna Baba Umaru. Shanu tara suka rage masa a duniya, kuma ya samo musu wurin da za su kai damina da rai. A zaune lafiya muka same shi. Abin da ya samu shanun nan daga bakina ya fito, kuma gara in faɗa yanzu tun ban fara nema wa kaina uzuri ba.

Hanyar Maraɗi zuwa Madawa na sha bin ta, amma ban taɓa ganin ta haka ba. Gonaki fayau, ko karan bara babu, an tsince an ba dabbobi, har jinkan rumbuna an sauke an ba su. Itatuwan gawo duk an sassare musu rassa. Kowace ƴar tafiya sai ka ga saniya kwance gefen kwalta, fata ta manne da ƙashi, ungulu ma sun ƙoshi sun koma kan itace suna kallon motoci. Direbanmu da Mushe yake kiran injiniya, yadda ake kiran duk wani mai biro da Faransanci, amma daga Madawa ya koma ce masa Shugaba. Na tambaye shi dalili, ya ce sunan ya yi yawa a hanya.

A Ƙonni muka karya kumallo. Nama ya yi arha har abin ya ba ni tsoro. Tsiren dala ashirin ya ishe mu mu uku har direba ya ƙunshe saura, amma mai tuwo sai da muka yi mata magiya ta ƙara mana malmala guda. A gabana wani mutum ya ba da akuya a kan tiya biyu ta hatsi, ya kuma yi godiya. Albasar Galmi ce kaɗai ban ga ta canza hali ba, tana nan jibge bakin hanya, ja jawur, mun sayi ƙaramin buhu na kai wa mai masaukina.

Shingayen jandarma kuwa na daina ƙirga su. Kowane sai an sauka, a nuna takarda, a buɗe bayan mota. A na Dogon Dutsi wani jandarma ya ɗauki ƙarfenmu ya tambayi amfaninsa. Injiniya ya gyara tsayuwa ya kwarara masa bayani da Faransanci, ni kaina sai da na gaji. Jandarman ya saurara har ƙarshe, ya dubi filin da ke bayansa, ƙasa tas kamar an share, ya ce da Hausa, "To, Allah ya ba ku ciyawar da za ku auna." Ya ɗaga mana sanda muka wuce.

A Dosso taya ta yi faci. Direba ya gangara da ita wurin mai gyara, ni da injiniya muka zauna a rumfar wata mai shinkafa da miyar gyaɗa. Nan ya fito da takardar tambayoyin da za mu yi wa makiyaya, ya ɗora yatsa a kan kalmar da ke saman kowane shafi, wadda su ke ce wa "ampak", wato abin da wani abu ke jawo wa wani, mai kyau ko marar kyau. Ya ce yaya za a faɗe ta da Hausa. Na ce akwai tasiri, amma wannan Hausar rediyo ce, makiyayi zai yi ta kallon ka. Akwai illa, ita kuma za a zaci cuta muke nema. Na ɗan yi tunani ina sosa geme kamar wani shehi, na ce, "Ɓarna. Ka ce ɓarna, ko yaron goye ya gane." Injiniya ya rubuta a littafinsa, ya maimaita sau uku har ya iya fitar da harafin farko, ya ce shi ya sa aka ce a nemo ni. Wallahi na ji daɗin yabon nan, har na biya masa kuɗin shinkafa.

Mun shiga Yamai rana ta yi sanyi. Rabona da garin shekara huɗu, na iske ya kumbura. Wajen kasuwar Wadata ba ka jin maganar na kusa da kai, tasi da babur da masu tura amalanke kowa na neman ran kowa, teloli na ta taka keke a bakin hanya. A bayan rumfuna kuma ga mutanen arewa da fari ya koro, sun kafa ƴan bukkoki da buhu da kwali, maza dogaye masu rawani zaune da sandar kiwo a hannu, babu abin kiwon. Na sauka a Dar es Salam, can gefen gari, gidan wani abokina ɗan Dutsi da muka yi lakkol, wato makarantar boko, tare. Shi malamin makaranta ne, matarsa nas ce, Kirista ne su, kuma tabarmar sallata tana nan a ɗakin baƙi inda na bar ta wancan zuwa. Matar ta kawo mana kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa, ta ce in ci da haƙuri, ƙuli-ƙuli ya zama na masu hali. Duk wanda ka gaisar a garin, Bahaushe ko Bazabarme, amsarsa guda ce: kala suru, sai haƙuri.

Washegari muka gangara garkunan bakin kogin Isa, ƙasa da gari. Kogin ya janye har mutane na taka wasu wuraren da ƙafa, amma gefensa kore ne shar, kabeji da salati da dankali, ido ya samu wurin hutawa. An riga an yi shela cewa ba a son dabbobi cikin gari, wadda aka kama sai furiyar, gidan da ake tsare dabbobi har a biya tara. Saboda haka mun sha wuya kafin mu samu mai shanun da zai tsaya. A ƙarshe wata mai sayar da salati ta nuna mana bayan wata garka, ta ce akwai wani tsoho can.

Shi ne Baba Umaru. Mutumin arewacin Filinge ne, siriri, fari, da ƴar furfura a haɓa, Hausarsa tsaf. Shi da matarsa suka zo da ƙafa, shanu na zubewa a hanya har suka koma tara. Mai garkar ya ba shi wani ɓangare da bai shuka ba. Shanu su kwana can su bar masa taki, shi kuma ya ba su ganyen kabeji da na dankali da ruwan rijiya, tsohon ya ƙara da ciyawar burgu da yake yankowa a kogi. Babu takarda, babu shaida, magana ce ta mutum biyu. Shanun sun rame, amma idonsu da haske, biyu ma ana tatsar su. Na duba su da idon aikina na ce a raina waɗannan za su ga damina.

Mai garkar ya tafi kai kaya kasuwa, direba kuma ya ajiye mu ya tafi layin mai. Saura ni da injiniya. Muka gaisa da tsohon, matarsa ta kawo mana madara a ƴar ƙwarya, wadda na san ta sayarwa ce. Na sha, na goge baki, na gyara murya.

"Baba, gwamnati ce ta aiko mu. Mun zo mu auna ɓarnar da shanu suke yi."

Ya dube ni, ya dubi igiyar da ke kafaɗar injiniya. "Ɓarna, Malam? A gonar wa?"

"Ba gonar wani ba ce, Baba. Ƙasar ce baki ɗaya."

Ya waiwaya ya dubi shanunsa. Can ya ce, "Wa ya kai ƙara?"

Ni kuwa sai na yi dariya, don na ɗauka tsohon barkwanci yake yi, na ce bari in taya shi. "Duniya ce ta kai ƙara, Baba, har da Turawa."

Bai yi dariya ba. Ya ce to, bismilla. Muka shiga aiki, kuma ban taɓa samun makiyayi mai sauƙin kai irinsa ba. Shi ya riƙe mana bakin igiya muka zagaye filin da shanun ke kwana. Shi ya riƙe ƙahon kowace na zagaya mata zaren awo a ƙirji. Muka kwashe kashin da suka yi muka rataya a ma'auni, muka auna ganyen da za su ci, muka auna ruwan da ke cikin kwami, muka ɗibi ƙasar filin a ƴan buhuna, muka ɗibi ta wajen shinge. Na tambaye shi shanunsa nawa, ya ce, "Ga su nan, Malam, Allah ya yi albarka." Na san makiyayi ba ya ƙirga dukiyarsa da baki, amma takarda na da gurbi, sai na ƙirga su da bakin biro a gabansa ina nuna kowace. Ya bi biron da ido. Na rubuta sunansa da na ubansa da na garinsu.

Da za mu tafi ya rako mu har bakin shinge ya ce, "Malam, idan an gama awon fa?"

"Sai mu kai wa manya, Baba, su za su san abin yi. Rana ita yau za mu dawo mu sake aunawa. Ka tabbata dukansu suna nan."

Injiniya ma bai bari an bar shi a baya ba. Ya miƙa wa tsohon hannu yana murmushi, ya ce da sabuwar Hausarsa, "Ɓarna, ɓarna, sai an jima." Direba ya dawo, muka hau mota ina yaba wa tsohon, ina cewa da duk makiyaya haka suke da aikin gwamnati ya yi sauƙi.

Sauran kwanakin mun yi su ne a bin nama. Mun je wata mayanka muka auna ruwan da ake kashewa a kan sa guda, muka je kasuwar dabbobi inda dillalai suka fi masu saye yawa. A Petit Marché muka yini biyu cikin mahauta. Kasuwar nan ko a fari ba ta rasa kyau, tumatir da tattasai da kayan yaji an jera su kamar za a ɗauki hoto, matan manya na ciniki da Faransanci. Wani mahauci ɗan Tawa ya ga muna auna ƙashi daban tsoka daban, ya ce mu daina wahalar da ma'auni, shanun bana ƙashi ne da fata, tsokar sai dai mu rubuta ta daga ka. Ya gasa mana hanta bai karɓi ko dala ba. Na ci, na sayi turare na kai wa tsohuwata tsaraba, na yi yawo a bakin gada da la'asar. In faɗi gaskiya, cikin kwanakin nan Baba Umaru bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

A kwana na shida injiniya ya fito daga biro, wato ofishinsu, da takardu yana fara'a. Ya ce ƙasar da muka ɗiba inda shanun tsohon ke kwana ta fi ta wajen shinge rai nesa ba kusa ba. Abin da suke ci kuma ganye ne da za a zubar, da burgun da ke sake tohowa. Ya ce ba zai yi wa duk shanun ƙasa hukunci da tara ba, akwai inda suka yi yawa suka cinye ƙasa, amma waɗannan dai abin da suke bayarwa ya fi abin da suke ɗauka. Ya ce gobe in faɗa wa tsohon da Hausa mai daɗi.

Da muka isa garkar, shanu muka gani a filin, amma ba su ba ne. Wasu ne jajaye masu dogon ƙaho, da wani mutum da ban sani ba. Mai garkar ya fito daga cikin kabeji, Bazabarme ne mai jin Hausa, ya tsaya nesa da motar bai ƙaraso ba sai da na je na same shi.

"Tsohon ya tafi," ya ce. "Washegarin zuwanku, kafin rana ta fito."

Na ce ina, kuma don me.

"Kai za ka tambaye ni? Ranar ko abinci bai ci ba. Ya ce an ɗora masa ɓarnar ƙasa baki ɗaya, an auna, an rubuta sunansa, an ba shi kwana bakwai. Ya ce idan ɓarnar gona guda tana cin maraƙi, ta ƙasa me za ta bar masa? Na ce ya dakata mu ji. Amma ni ma, tsakani da Allah, ban riƙe shi da ƙarfi ba. Motarku lambar gwamnati gare ta, ni kuma na ajiye dabbobi bayan an hana."

Direba yana tsaye a bayana. Ya ce, "Malam, me ka ce wa mutumin nan?" Na maimaita masa kalma da kalma. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Haba Malam. Kai fa ɗan ƙauye ne."

Nan na gane abin da na yi. Ni ɗan manomi ne. Ina yaro, idan shanu suka faɗa gonar ubana, mutanen mai gari ake kira su zo da igiya, su zagaye inda aka ci, su ƙirga, su rubuta sunan mai shanu, a tsare dabba har ranar yanke tara. Sunan wannan aiki awon ɓarna, ba shi da wani suna. Na sha riƙe bakin igiyar da hannuna. To ga mu mun zo da igiya, da takarda, da motar gwamnati, a zamanin da soja ba ya faɗa sau biyu, na kuma buɗe baki na faɗi sunan aikin. Tsohon ya tambaye ni gonar wa, ya tambaye ni wa ya kai ƙara, duk tambayoyin da mai hankali zai yi, ni ina can ina jin daɗin iya fassara.

Na yi wa injiniya bayani. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce a hau mota.

Muka ɗauki hanyar Filinge, don can ne gida, kuma mai tsoro gida yake nufa. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, zafi kamar a bakin tanda. Kowace rijiya muka tsaya, kuma kowace cike take da dabbobi da mutane masu jiran layi, wasu tun jiya. Ina tambayar tsoho fari da matarsa da shanu tara. A ta farko aka ce ba a gan shi ba. A ta biyu wani ya ce ya ga mai shida. Bayan Hamdallahi wata mata mai jan guga ta ce akwai wani tsoho ƙarƙashin aduwa can gabas da hanya, amma shi biyu gare shi.

Ya hango motar tun daga nesa. Bai gudu ba, babu sauran abin gudu da shi. Ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe rigarsa. Saniya guda na tsaye kanta a ƙasa, guda na kwance, matarsa na ɗiga mata ruwa a baki da ludayi. Kafin in yi sallama ya riga ni.

"Kun iso, Malam. Ga abin da ya rage, a ɗauka. Ban gudu don raina hukuma ba."

Na durƙusa a gabansa cikin ƙasar nan mai zafi. Na ce babu ƙara, babu tara, babu wanda ya taɓa niyyar taɓa masa ko jela. Na ce bincike ne kawai na masu karatu, kuma ni ne na ɗauki kalmar da ba ita ba na ɗora a kai. Sai da na faɗa sau biyu. Na ce ya yafe mini.

Matarsa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da bakinka ka ce ɓarna."

"Da bakina, Inna."

Tsohon ya koma ya zauna a hankali. Ya ba mu labari ba tare da an tambaye shi ba, da murya kamar yana faɗin labarin wani. Sun bi ta daji ne don kauce wa shingen jandarma. Rijiyar da ya sani a hanya ya iske ta ƙafe, ta gaba kuma masu ita suka ce sai dabbobinsu sun sha. Huɗu suka faɗi cikin kwana uku. Uku ya sayar wa masu banda, mahautan nan da ke bin garke da wuƙa da gishiri suna jiran wadda za ta durƙusa. Bai faɗi abin da suka ba shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce mu mayar da shi bakin kogi. Ina faɗa ina sanin maganar banza ce. An ba wani filin, shinge ba zai bar dabba ta shiga gari ba, shanun kuma ko zuwa bakin hanya ba za su iya ba. Ya girgiza kai kawai. Can ya dube ni ya ce, "To Malam, awon da kuka yi, me ya nuna?"

Na faɗa masa. Na ce ƙasar da suka kwana a kai ta fi ta kewaye rai, abin da suka ci ba na kowa ba ne, mai garka ma riba ya ci da su. Injiniya na gefe ya cire tabarau yana ta goge shi da bakin riga, ba ya jin abin da nake faɗa amma ya san shi.

"Ashe ba su ci na kowa ba," in ji tsohon.

"Ba su ci ba, Baba."

"Alhamdu lillahi. Abin da ya fi damuna ke nan. Dukiya Allah ya ba ni, ya karɓa. Amma ina ta tunanin yadda zan tsaya gabansa da hakkin ƙasa guda a wuyana." Ya shafa wuyan wadda ke kwance. "Ka rubuta haka a takardar taka, yadda ka rubuta sunana."

Mun koma Hamdallahi muka haɗa abin da ke aljihunmu muka sayo buhun dusa, muka bar masa jarkokin ruwanmu biyu. Na yi wa shanun allurar da ke jakata, wadda na san ba ita ce maganin yunwa ba. Ya yi mana addu'a, ya ce mu sauka lafiya. Matarsa ba ta amsa sallamarmu ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kwana biyu bayan nan muka kamo hanyar gida, ni da direba, injiniya ya tsaya Yamai. Ya goge kalmar daga takardun duka, ya ce daga yau kafin a tambayi makiyayi komai sai an zauna an faɗa masa abin da ba a zo yi ba. Na rubuta abin da tsohon ya ce in rubuta, a ƙasan shafinsa, inda gurbin awo na biyu ya zauna babu komai. Ban san ko wani zai karanta ba. Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Mun tafi da ma'aunin ciyawa da na ruwa da na kashi, babu wanda ya auna abin da zuwanmu zai yi wa mutumin da muka je wurinsa. Kuma Hausar da nake taƙama da ita, na bar rabinta a gona ranar da na shiga biro.

Mun shiga Maraɗi bayan la'asar. Na wuce ɗakin tsohuwata in gaishe ta, na iske ta tana tsince wake a faifai. Ba ta taɓa taka ƙofar lakkol ba. Na ajiye mata turarenta, ta sa albarka, ta ce wane aiki ne ya riƙe ni a Yamai har kwana goma da wani abu. Ban san abin da ya sa ba, sai na faɗa mata yadda na faɗa wa tsohon, na ce mun je auna ɓarnar shanu ne.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Gonar wa suka shiga?" Ta jefar da wata tsakuwa, ta ƙara da cewa, "Allah sarki, a wannan shekara. Kun dai yi wa mai shanun sauƙi ko?"

Na ce a'a, Iya, ba mu yi masa ba.